DARASI: ZAƁEN KATIFA, KAURI KAƊAI BA YA ISA



Darasinmu na yau a kan katifa yake, wadda wasu ke kira matala. Kada ku ce ƙaramar magana ce. Mutum mai shekara 60 ya yi wajen shekara 20 yana kwance. Kuma katifa kuɗi ce masu yawa. Wani kuɗin albasa yake sawa. Wani kuɗin da ɗansa ya aiko daga Abijan ko Libiya. Wata uwa tunkiyarta take saidawa don kayan ɗakin ɗiyarta. Kuɗin da aka sha wahala kafin a same su, bai kamata a zubar da su ba.

ABIN DA YA SAME NI

Wata shekara na yi niyyar faranta ran mahaifina. Na shiga kasuwa na zaɓi katifar da ta fi kowace kauri. Ta kai santimetir 25. A jikin rigarta an rubuta LATEX da manyan baƙaƙe. Ban taɓa ta ba sosai. Ban kwanta bisanta ba. Na biya. Wani ƙaramin yaro ya ɗora ta a kai shi kaɗai, ya kai ta tasha yana gudu. Ni kuwa ina murna.

Kafin shekara ta zagayo, rami ya fito a tsakiyarta. Ran da na je gida, na tarar Baba ya koma bisa tabarmarsa. Na ce: "Baba, lafiya?" Ya ce: "Lafiya lau, Allah ya yi maka albarka. Amma katifarka kwari ce. In na shiga ba ni iya fita, kuma ƙuguna ya hana ni ruku'u."

Laifina ne. Na yi cinikin biri a sama. Na duba kauri, ban duba nauyi ba, ban duba mai kwanciyar ba. Ga abin da na koya tun daga ranar. Ku karanta, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

MENE NE LATEKIS?

Kun san tumfafiya. Kun san aguwa da muke shinge da ita. In an karya reshensu, wani farin ruwa yana fita kamar nono. Irin wanga ruwa Turawa ke kira latekis.

Akwai wani babban icce mai ba da shi da yawa, iccen roba. Asalinsa daga dajin ƙasar Barazil ne. A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwashi irinsa wajen 70.000 ya kai Ingila. Daga can aka kai shi ƙasashen Asiya. Yau ƙasar Tailan ta fi kowa noma shi a duniya. A Afirka kuwa Kwaddibuwa ce gaba. Ƴan ci-raninmu da yawa sun ga gonakinsa da idonsu. Akwai shi a Laberiya da kudancin Najeriya.

Iccen roba ba ya yi a Adar. Yana son ruwan sama wajen milimetir 2.000 a shekara. Mu a Tawa, in mun samu 400 sai mu gode Allah. Shi ya sa duk katifar latekis daga nesa take zuwa, kuma shi ya sa take da tsada.

In iccen ya kai shekara 6 ko 7, ana tsaga bawonsa da sassafe. Ruwan yana ɗiga cikin ƙoƙo. A masana'anta ana kaɗa shi har ya yi kumfa. Ana sa masa farar wuta kaɗan. A zuba cikin babban kwano mai tsinkunan ƙarfe, a turara da tururi har ya daskare. A wanke, a busar. Kamfanin Dunlop na Ingila ya gano wagga dabara a 1929. Waɗancan tsinkuna su ke barin ƙananan ramuka jere-jere a jikin katifar. Ku riƙe wagga alama.

Akwai kuma latekis na haɗi wanda ake yi daga man fetur. Sau da yawa ana gauraya shi da na icce.

SOSO DABAN, LATEKIS DABAN

Yawancin katifun da muke gani a kasuwar Lahadi ta Tawa, ko a Keita, ko a Ƙwanni, na soso ne. Soso ba daga icce yake fitowa ba. Daga sinadaran man fetur ake yin shi. Ana yin shi a Yamai, ana yin shi a Najeriya.

Katifar soso ba mugun abu ba ce. Akwai soso mai kyau, akwai maras kyau. Abin da ba shi da kyau shi ne a biya kuɗin latekis a tafi gida da soso.

Ku lura da wani abu. Kalmar LATEX a jikin riga tana iya zama sunan kamfani kawai. Akwai kamfani mai suna Latex Foam, wanda ya soma aiki a ƙasar Gana. Sunan kamfani abu ɗaya ne, abin da ke cikin riga abu ne daban. Wata katifar kuma soso ce a ƙasa, sai a shimfiɗa latekis na santimetir 2 zuwa 5 a sama. Ita ma tana da daɗi, amma ba latekis zalla ba ce. Mai saye ya kamata ya san abin da ya saya.

Ga alamu 4 na latekis:

1. Ramuka. Ku ce a buɗe zif. In kun ga ƙananan ramuka jere-jere, alama ce mai kyau. Amma ita kaɗai ba ta isa, don ana iya huda soso.
2. Dawowa. Ku danna da tafin hannu ku saki. Latekis yana dawowa nan take, kamar danƙo.
3. Tsayuwa. Ku jingina ta tsaye. Soso yana tsayawa ƙyam. Latekis yana lanƙwashewa, yana zubewa.
4. Nauyi. Wagga ita ce babbar alama. Latekis yana da nauyi ƙwarai.

NAUYI BA YA ƘARYA

Katifa kumfa ce da ta daskare. Wani sashe kaya ne, wani sashe iska ne. In iska ya yi yawa, katifa tana yin kauri, tana yin sauƙin kuɗi, amma ba ta da ƙarfi. Kamar fanke ne: ga girma, ciki ba komi.

Masu masana'anta suna da awo da suke kira dansite. Ga ma'anarsa. A yanko dunƙule mai metir 1 a tsawo, metir 1 a faɗi, metir 1 a tsaye. A ɗora bisa sikeli. In ya yi kilo 20, dansite 20 ke nan. Wani lokaci ana rubuta D20 a jikin takarda. Soso na kasuwa yana tsakanin 15 da 35. Latekis yana tsakanin 60 da 95.

Mu yi lissafi tare. Mu ɗauki katifar mutum biyu: tsawo santimetir 190, faɗi 140, kauri 15. Irin wagga katifa kashi 2 ce cikin 5 na wancan dunƙule. Don haka sai a ninka dansite sau 2, a raba gida 5.

Soso mai dansite 20: 20 x 2 = 40. 40 : 5 = kilo 8.
Soso mai dansite 30: 30 x 2 = 60. 60 : 5 = kilo 12.
Latekis mai dansite 70: 70 x 2 = 140. 140 : 5 = kilo 28.

Kun gani. Girma ɗaya, kauri ɗaya, amma wata kilo 8, wata kilo 28. Bidon ruwa mai litir 25 yana da kilo 25. Katifar latekis ta mutum biyu ta fi cikakken bido nauyi. In yaro ya ɗauke ta a kai yana gudu, kamar tawa, to ba latekis ba ce.

Ba dole sai da sikeli ba. Ku ɗaga katifu biyu masu girma ɗaya. Wadda ta fi nauyi ita ce ta fi kaya a ciki, kuma galibi ita ce za ta fi daɗewa.

AWON KAURI

Kayan da ke shigowa daga Najeriya ta Ƙwanni da inci ake auna su. Namu da santimetir. Inci 1 ya yi santimetir 2 da rabi. Ku rubuta wanga a littafinku:

Inci 4 = santimetir 10
Inci 6 = santimetir 15
Inci 8 = santimetir 20
Inci 10 = santimetir 25

Ku ari metir na tela ku tafi da shi kasuwa. In babu, taƙin babban mutum ya kai wajen santimetir 20. Ku auna a tsakiyar gefe, ban da ƙusurwa inda ɗinki ya kumbura.

WANE KAURI GA WANE MUTUM?

Aikin katifa biyu ne. Na farko, ta bar kafaɗa da ƙugu su ɗan nutse. Na biyu, ta tare jiki kada ya kai ga katako ko ƙasa. In ta yi siriri, ƙashi yana taɓa gado. In ta yi laushi da yawa, ƙugu yana faɗawa rami, gadon baya ya lanƙwashe. Duka biyun suna kawo ciwo.

Ga awon da aka saba bi, in katifar mai kyau ce:

Yaro: santimetir 10 ya isa.
Babba maras jiki, ƙasa da kilo 60: santimetir 12 zuwa 15.
Babba tsakanin kilo 60 da 90: santimetir 15 zuwa 20.
Mai jiki, sama da kilo 90: santimetir 20 zuwa 25, kuma mai tauri.

Wanda bai san nauyinsa ba, akwai sikeli a likita.

In mutum biyu za su kwanta, ba a tara nauyinsu. Ana duba wanda ya fi nauyi, a zaɓa dominsa.

Yadda mutum ke kwanciya ma yana da magana. Mai kwanciya bisa gefe, kafaɗarsa da ƙugunsa ke ɗaukar nauyi duka. Yana son ƙarin kauri da ɗan laushi. Mai kwanciya rigingine yana son matsakaiciya. Mai kwanciya rub da ciki yana son mai tauri.

Wasu suna cewa mai ciwon baya sai katifa mai tauri kamar dutse. An gwada wagga magana. A 2003 likitocin ƙasar Spaniya sun fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 313 masu ciwon ƙugu. An ba wasu katifa mai tauri ƙwarai. An ba wasu matsakaiciya. Bayan kwana 90, masu matsakaiciya sun fi samun sauƙi. Amma ku sani, katifa ba magani ba ce. In ciwon baya ya daɗe, ko yana sauka ƙafa, ko ya zo da zazzaɓi, a tafi likita.

Tsoho da mai ciki suna da wata bukata. Su iya zama, su iya tashi. A haɗa tsawon gado da kaurin katifa. In mutum ya zauna a baki, ƙafafunsa su taka ƙasa sosai. Daidai gwiwa shi ne awo mai kyau.

GWAJI A GABAN MAI KANTI

Gani ya kori ji. Kada ku ji kunya. Ku gaisa, ku ce: "Alhaji, don Allah a shimfiɗa mini ita in gwada." Ɗan kasuwa mai gaskiya zai ce: "Bismilla, Malam." Ku tafi da wanda zai kwanta bisanta. In mace ce, ta tafi da ƴar uwarta. Ku yi gwaji 4:

Na ɗaya. Ku zauna, ko ku durƙusa da gwiwa ɗaya a tsakiya. In kun ji ƙasa nan da nan, katifar ta yi muku siriri ko ba ta da ƙarfi.

Na biyu. Ku kwanta rigingine. Ku tura tafin hannu ƙarƙashin ƙugu. In hannu ya wuce ba abin da ya taɓa shi, ta yi tauri. In ya ƙi shiga sam, ta yi laushi. In ya shiga da ɗan matsi, ta yi daidai.

Na uku. Ku kwanta bisa gefe. Abokin tafiya ya tsaya bayanku ya duba. Daga wuya zuwa ƙugu ya miƙe kamar sanda.

Na huɗu. Ku juya dama da hagu. In sai da kokawa kuke juyawa, kun nutse da yawa.

Kada ku yi gaggawa. Ku kwanta wajen minti 10. Minti 10 a kanti ya fi shekara ana da-na-sani.

INA ZA A SHIMFIƊA TA?

Katifa mai kyau bisa mugun gado ɓarnar kuɗi ce. Latekis yana bin siffar abin da ke ƙarƙashinsa. In ragar gadon ƙarfe ta lotsa, katifa ma za ta lotsa. A sa katako a gyara. In gadon katako ne, tsakanin katako da katako kada ya wuce yatsa 4. In gadon kara ne, a shimfiɗa tabarma tukuna don kada ya yage riga.

In ƙasa za a ajiye ta, a sa tabarma. Da damina a riƙa ɗaga ta tana shan iska, don laima yana sa ta fumfuna.

Ga wata magana tamu ta Adar. A watan Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Kowa tsakar gida yake kwana. Wa zai riƙa fitar da kilo 28 kowane dare, ya maida kowace safiya? Ku yi wanga tunani kafin ku saya. Ga mai fita da shiga da shimfiɗa, ƙaramar katifar soso mai kyau ko tabarma ta fi dacewa. Babbar ta zauna ɗaki.

ABOKAN GABAN KATIFA

Rana. Mun saba shanya katifar rimi da ta auduga a rana. Latekis ba haka yake ba. Kun ga yadda tsohuwar robar keke ke tsattsagewa in ta sha rana. Haka latekis yake bushewa, ya riƙa marmashewa. A sha iska a inuwa kawai. In an kwana waje da ita, a shigar da ita kafin hantsi.

Wuta. Soso da latekis suna kama wuta da sauri, hayaƙinsu kuma guba ne. Da ɗari a nisanta kaskon garwashi. A nisanta fitila da taba da maganin sauro na ƙonawa.

Ruwa da fitsari. A yi wa katifa riga ta biyu wadda ake cirewa a wanke. In ta jiƙe, a danna da tsumma, a busar a inuwa.

Gazunzumi, wato kuɗin cizo. Cikin ɗinki da tsagar gado yake ɓoyewa. A wanke riga da ruwan zafi, a shanya riga da gado a rana. Kada a zuba wa katifa kalanzir ko maganin ƙwarin gona. Yana lalata roba, yana cutar da mai kwanciya.

Kowane wata 3 a juya ta, kai ya koma ƙafa. Haka ba ta yin rami wuri ɗaya.

JARIRI DA GIDAN SAURO

Uwaye mata, ku saurara. Laushi ba gata ba ne ga jariri. In fuskarsa ta nutse cikin katifa mai laushi, numfashi yana iya tsayawa. Shi kuwa ba ya iya juyawa. Jariri ya kwanta rigingine, bisa shimfiɗa mai tauri, miƙaƙƙa, ba matashi, ba tarin zannuwa. Kada a bar rata tsakanin katifa da bango.

Gidan sauro kuma a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe. A rataye shi yadda zai kai. Katifa mai tsada ba ta hana zazzaɓin cizon sauro.

Wasu mutane ƙalilan jikinsu ba ya son roba. In ƙaiƙayi ko ƙuraje ko atishawa sun taso bayan an soma kwana bisa latekis, a daina, a ga likita. In numfashi ya yi wuya, a tafi nan take.

ARAHA KO TSADA?

Mu yi wani lissafi. Kuɗin nan misali ne kawai, don farashi yana canzawa. Katifa ta farko jika 24, ta yi shekara 2 ta mutu. Kowace shekara ta ci jika 12. Katifa ta biyu jika 64, ta yi shekara 8. Kowace shekara ta ci jika 8. Wace ce mai araha? Ta biyu.

Latekis na gaskiya, in an kiyaye shi, yana iya wuce shekara 10. Amma ba mu ce kowa ya ci bashi ba. Kada a taɓa hatsin rumbu don katifa. In kuɗi kaɗan ne, a sayi soso mai nauyi na santimetir 15. Ya fi soso maras nauyi na santimetir 25. Uwayen amare, ku ji wagga magana. Ƴan kallon ɗaki kwana ɗaya suke zuwa. Ɗiyarku ita za ta kwana bisanta shekara da shekaru.

In kun biya, ku karɓi takardar shaida. A rubuta tsawo, faɗi, kauri, iri, kuɗi da kwanan wata. Ku karanta da kanku kafin ku fita. Amfanin karatunmu ke nan.

Baba kuwa, daga baya na tafi da shi kanti. Ya gwada 3. Ya zaɓi mai santimetir 15, mai nauyi. Mu biyu muka ɗauke ta.

MU TUNA

Suna a jikin riga ba shaida ba ne. A buɗe a gani.
A ɗaga katifa kafin a saya.
Kauri ya dace da nauyin mai kwanciya.
Ba a shanya latekis a rana.
Jariri bisa shimfiɗa mai tauri, rigingine.

TAMBAYOYI

1. Daga ina ake samun latekis? Don mi iccensa ba ya yi a Adar?
2. Ku faɗi alamu 4 na katifar latekis.
3. Inci 8 santimetir nawa ne?
4. Katifa mai 190 da 140 da 15, dansite 25. Kilo nawa za ta yi?
5. Mai gida kilo 95, uwargida kilo 58. Wane kauri za su zaɓa?
6. Katifa ta jika 45 ta yi shekara 5. Jika nawa ta ci kowace shekara?

AIKIN GIDA

Kowa ya auna shimfiɗar gidansu: tsawo, faɗi da kauri. Ya rubuta, ya kawo cibiya. Malamai, ku ba mata lokaci su yi magana, don su suka fi sanin kayan ɗaki. Cibiyoyin Barmu, Kalfu, Afala, Bambai, Takanamat da sauransu, ku aiko mana da amsoshinku da rubutun hannunku.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai fitowa ta gaba.